Gwangwanin Farin Fenti na Kakana

Har yau in na ji warin kananzir, kakana nake tunawa. Na san wannan ba yabo ba ne, kuma da yana raye da tuni ya jefo ni da tsumma. Amma mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana wanke buroshi a gwangwanin kananzir, ai dole warin ya kama rigunansa da matashinsa, har da alawar da yake ciro mana daga aljihu. Kakata takan ce ita ba mutum ta aura ba, fitila ta aura.

Sana'arsa rubuta allon shago. Duk layin Mai Fenti suke ce masa. Ni Tsoho nake ce masa, shi kuma ya ce mini Gantali, don a cewarsa tun ina rarrafe ban taɓa ƙarasa zuwa inda na nufa ba. Ban ja da shi ba a nan. Makaranta na bar ta a tsakiya, gyaran waya na koyi buɗewa ban tsaya koyon rufewa ba, na kuma ɗan zauna a wani shagon kwamfuta har na iya abin da ya isa in yi wa mutane burga. Kakata ce kawai ke kare ni. In na shigo gidan sai ta ce ga maigida ya dawo, shi kuwa ya ɗaga kai ya ce ta je ta bi ni, ta ga ko za ta samu ko ruwan sha.

Rumfarsa 'yar ƙarama ce, matse tsakanin shagon tela da na mai gyaran agogo. Gwangwanaye a jere bisa katako, kowanne da ɗigon launinsa a murfi. Tsani na jingine a bango, matakinsa ɗaya ɗaure da waya, kuma in ka taka shi sai ya yi ƙara kamar yana kai ƙararka. In zai fara aiki yakan goga alli a jikin zare, ya ɗaure shi gefe da gefe, ya ja ya saki, sai layi ya kwanta a allo miƙe sambal. Sannan ya ɗauko wata sanda mai ƙullin tsumma a kai, ya dafa ta a allon, ya ɗora hannunsa a kai. Daga nan ko da gobara ake a bayansa ba zai waiwaya ba. Boko bai yi nisa ba, Turanci kuwa sai dai a rubuta masa a takarda ya kwafa, amma haruffa ya san su kamar 'ya'yan cikinsa. Ya san wanda ke son fili da wanda ke son matsi.

Doka ɗaya gare shi, kuma da ita aka san shi: ba ya rubuta ƙarya a allo. Wani mai kantin magani ya so a sa masa Likita a gaban suna, Tsoho ya ce ya kawo takarda ya gani, mutumin bai sake dawowa ba. Mai shayin bakin layi ya so a rubuta cewa shayinsa ne na ɗaya a duniya, Tsoho ya tambaye shi ko ya zagaye duniyar ya ɗanɗana na kowa. Ƙarshe aka rubuta Shayi Mai Zafi, kuma duk safiya sai ya tsoma yatsa a kofi ya tabbatar. Wanda na fi so shi ne mai faci, tuzuru ne a lokacin, ya ce a ƙara masa "da 'Ya'yansa" kamar yadda manyan kamfanoni ke yi. Tsoho ya rubuta sunan, ya bar fili a gaba, ya ce ya je ya yi aure, filin na jiransa. Kuma ya jira. Ranar da aka yi sunan ɗansa na biyu, da safe Tsoho ya ɗauki tsani ya je ya cike gurbin, bai karɓi ko sisi ba.

Mutane suna dariyar wannan hali, amma suna tinƙaho da shi. In baƙo ya yi shakkar wani shago, sai a ce masa ya ɗaga kai ya ga hannun wanda ya rubuta allon.

Sai injin buga allon leda ya shigo gari. Ka kai hotonka da safe, da yamma a ba ka allo mai ƙyalli, har da kai a jiki kana murmushi. Injin kuma ba ruwansa, ko Farfesa ka ce zai buga. Aiki ya fara ja baya a rumfar Tsoho. Bai yi ƙorafi ba, sai dai ya koma yawo yana leƙen allunan zamani, yana neman abin da suka fi shi. A jikin motocin manyan kamfanoni da bangon banki ya lura da wani ɗan layi da ke ƙasa kullum: dabiliyu uku, ɗigo, sunan kamfanin a haɗe ba fili, ɗigo, sannan kom. Ya tare wani direban babbar mota ya tambaye shi, direban ya ce ai zamani ne, Baba, duk kamfanin da ya isa yana da shi.

Shi ke nan, Tsoho ya ɗauka ado ne. Irin furen da yake zanawa a kusurwa, ko hannun nan mai nuni da yatsa ɗaya. Ya zauna ya yi ta gwada dabiliyu a bayan kwali har ya gwanance, ya fara sa wa duk wanda ya kawo aiki, kyauta, a matsayin gyara. Wanda allonsa ya tsufa ma sai ya je da tsani ya ƙara masa. Tela ya samu, mai aski ya samu, mai agogo, mai faci, har mai shayi. Layinmu ya wayi gari kowa da adireshin intanet, alhali rabin masu shagunan in an kira su a waya jikokinsu ke danna musu.

Duk wannan ina wani gari ina sayar da rigar waya a bakin titi. Sana'ar ta ƙi ni, ni ma na ƙi ta, na dawo gida da jaka ɗaya, na tarar da rigima a ƙofar rumfa.

Abin da ya faru shi ne, wata shugabar makaranta tana neman telan da zai ɗinka wa ɗalibanta kayan makaranta. Ta zo ta ga aikin telanmu, ya yi mata, ta ce za ta yi shawara. Da ta fita ta ɗaga kai ta ga adireshi, ta danna a wayarta don ta nuna wa abokan aikinta. Babu komai. Ta dawo ta tambaye shi, ya ce shi bai san ana buɗe abin ba. Ta ce wanda ya yi ƙarya a allo zai yi a yadi, ta kama hanya. Labari ya bazu, yara suka bi layi suna danna na kowa. Duk ba su buɗe ba sai na mai aski, kuma gara ma da bai buɗe ba. Shagonsa wani sunan Turanci gare shi mai daɗin faɗa, ashe wasu mutane a wata ƙasa mai nisa sun riga shi, kuma su karnuka suke yi wa aski. Hoton farko wani farin kare ne da tawul a wuya. Sai da aka yi mako ana tambayar mai aski ko yana karɓar kyanwa.

Na tarar da Tsoho zaune a kan gwangwani, tela na tsaye a kansa yana faɗa, almakashi a hannu don ya manta bai ajiye ba. Tela abokinsa ne tun suna samari, shi ya sa faɗan ya yi zafi. Da tela ya gaji ya koma shago, na matsa na ce, "Tsoho, ashe kamfanin intanet ka buɗe ban sani ba? Ka ɗauke ni aiki mana."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Gantali, zauna. Abin nan da na rubuta, ƙarya ce?"

Na so in zagaya, amma da wannan mutumin ba a zagaye. Na ce masa adireshi ne, kamar a rubuta lambar gida a titin da ba a gina gidan ba. Ya gyaɗa kai. Ya tashi ya jawo babban gwangwanin farin fenti, wanda yake shafe allo da shi kafin sabon rubutu, ya fara ɓamɓare murfin da sukudireba. Ya ce yau ɗin nan zai bi layi ya shafe su duka, in ya gama ya rufe rumfa, don wanda ya cika unguwa da ƙarya ba shi da bakin da zai sake tambayar wani takardar likita.

Nan ne ɗan guntun ilimin shagon kwamfuta ya yi rana, karo na farko kuma ina jin na ƙarshe. Na ce ya dakata, ƙaryar nan ana iya mayar da ita gaskiya. Ya tsaya da sukudireba a hannu.

Na jawo benci na ciro waya. Na nuna masa cewa kwamfutocin duniya da lamba suke gane juna, sunan nan don mu aka yi shi, kamar yadda na ajiye lambarsa a wayata da sunan Tsohon Rigima. Ya ce in goge, na ce ba shi muke yi ba yanzu. Na ce akwai kamfanonin da aikinsu ke nan, rajistar suna. Ka shiga shafinsu ka rubuta sunan da kake so, su duba. In babu mai shi, ka ba da sunanka da imel ɗinka, ka biya, ya zama naka. In da mai shi, sai haƙuri, don suna ɗaya mutum ɗaya ne a duk faɗin duniya. Wannan ya burge shi. Ya ce a garin nan kaɗai ya rubuta Alheri a shago ya fi a ƙirga, ashe akwai inda ake da tsari.

Ya tambayi ma'anar kom. Na ce wutsiya ce, akwai wasu irinta, akwai net, akwai na ƙungiyoyi, kowace ƙasa ma da tata. In an riga ka a wata wutsiyar kana iya gwada wata. Ya tambaya ko in an yi rajista shi ke nan hoton shago zai fito. Na ce a'a, sunan daban, shafin da zai buɗe daban, sai an tanadi shafin sannan a nuna wa sunan hanya. Sai ya ce wato allo ne, ba shago ba. Na ce Tsoho, da ka yi nisa a boko da mun shiga uku.

Inda muka kusa ɓatawa shi ne da na ce sunan ba saye ake ba, haya ce. Shekara-shekara ake sabuntawa, in ka yi sakaci a ɗan jira ka, in ba ka zo ba a sake shi kasuwa, wani ya ɗauka. Ya ajiye sukudireba. Ya ce allon mai agogo tun kafin a haifi uwata ya rubuta shi, har yau harafi ɗaya bai goge ba, amma su da duk injinansu abinsu ba ya wuce shekara? Na ce ana iya biyan shekaru da yawa a haɗe, ana ma iya sa wa ya riƙa sabunta kansa daga katin banki. Ya ce in katin ya mutu fa? Na ce sai su aiko saƙo. Ya ce wa zai karanta wa mai faci saƙo?

Washegari muka fita, shi da tsani da farin fenti, ni da waya. Shago-shago. Ko'ina shi ke fara magana, kuma magana ɗaya ce: ya rubuta abin da bai sani ba, laifinsa ne, yanzu zaɓi biyu, ko a yi rajista abin ya zama gaskiya, ko ya shafe. Mai shayi ya ce a shafe, shi masu shan shayinsa da ƙafa suke zuwa. Tsoho ya hau ya shafe, ya zana masa kofi mai tururi a wurin. Mai faci ya ce a yi, ko don 'ya'yan nan da aka sha wahalar samu. Na mai aski ba yadda za a yi, masu karnuka sun riƙe. Muka gwada sunan da wata wutsiyar, Tsoho ya ce a'a, mutum ya yi kuskuren harafi uku ya sake faɗawa kan kare. Aka ƙara kalmar aski a jikin sunan, ya samu, ya shafe tsohon ya rubuta sabo.

Don sauƙi na so in yi duka da imel ɗina. Tsoho ya hana. Ya ce kowa da sunansa, kowa da imel ɗinsa, kowa ya riƙe lambar sirrinsa. Mai agogo ya ce ai yaron nan namu ne. Tsoho ya ce, "Naku ne yau. Gobe yana wani gari yana sayar da rigar waya, da sunan shagonka a aljihunsa." Haka na wuni ina buɗe wa tsofaffi imel, ina fama da mutanen da ke son sa sunan matansu a lambar sirri amma ba sa son faɗa a gabana.

Shafukan ba wani abin a zo a gani ba ne. Hoton shago, lambar waya, lokacin buɗewa, sai kwatance. Amma Tsoho ya tsaya a kaina kan kowace kalma. Na rubuta wa mai faci "aiki cikin minti biyar", ya sa na goge, ya ce shi ya taɓa kai keke wurin.

Tela muka bari ƙarshe, don har lokacin ba ya amsa gaisuwar Tsoho. Muka shiga yana kan keken ɗinki, bai ɗago ba. Na duba, sunansa babu mai shi. Tsoho ya tsaya a bakin ƙofa, ya ɗora gwangwani a kan wani yadi, ya ce aikin makarantar nan ba zai iya dawo masa da shi ba, amma allon zai iya gyarawa, ya zaɓa. Tela ya ci gaba da taka keke har ya kai ƙarshen ɗinkin, ya ciji zare, sannan ya ce, "In ka shafe, kowa zai ce matar nan ta yi gaskiya. A yi rajistar. Kuma ka sauke gwangwanin nan daga kan yadin mutane."

Da shafin ya buɗe, hoton kayan da ya ɗinka suka fito, tela ya karɓi wayar ya nisanta ta da ido, ya matso da ita, ya ce wuyan rigar nan ya fi haka kyau a fili. Daga nan ya aika a kawo shayi kofi uku. Shugabar makarantar ba ta dawo ba, kada in ƙara gishiri. Amma rumfar Tsoho ba ta rufe ba.

Maganar haya ce ta tsaya masa a rai. Sai ya ƙirƙiro nasa tsarin. A kusurwar kowane allo ya rubuta watan sabuntawa da jan fenti, ƙanana, yadda sai mai shagon zai lura. Duk shekara in watan ya kama, sai ya saɓa tsani, ya ɗauki farin fenti, ya bi layi. Ya jingina tsani a ƙofar shagonka, ya buɗe gwangwani, ya fara juya fenti da sanda a hankali yana kallon sama. Ka ga mutum ya fito da gudu yana laluben waya, yana Baba dakata, wallahi yau zan yi. Sai an danna an nuna masa shafin ya buɗe, an kuma nuna masa sabuwar ranar ƙarewa, sannan ya mayar da murfi. Yara har jiran watan suke, su bi shi a baya suna yi wa mai aski haushin kare. Wata shekara mai faci ya yi taurin kai ya ce sai wani mako, Tsoho ya hau ya shafe dabiliyu ɗaya, ya ce sauran biyun na nan zuwa makon.

Da ƙafa ta fara ba shi matsala, ni nake ɗaukar tsanin in ina gari. Yana tafe yana cewa in riƙe da kyau, tsanin ya girme ni kuma ya fi ni amfani.

Bara ya rasu, Allah ya jiƙansa. Rumfar yanzu mai cajin waya ne a ciki, da allon leda mai hotonsa ya ɗaga babban yatsa. Yawancin allunan Tsoho an sauke su, an maye da masu ƙyalli da rana ke cinyewa kafin a gama yaba su. Kakata ta ajiye tsanin a bayan ɗaki, da gwangwanayen da ta ce kada wanda ya taɓa.

Da watan ya kama ina gari, ba don na shirya ba, wata sana'ar ce ta sake watsar da ni. Kakata ta dube ni ta ce maigida, ba ka ga wata ba ne? Na ce na gani. Ta ce to.

Allo uku suka rage masu layin adireshin nan a ƙasa. Mai aski na hango ni da tsani ya ɗaga waya daga cikin shago, kan wani a hannunsa rabi a aske, ya nuna mini ya riga ya yi. Tela ma ya yi, tun farkon wata, jikarsa ta taya shi. Saura mai agogo. Shi idonsa ya mutu, 'ya'yansa sun ɗauke shi, shagon na kulle da kwaɗo, amma allon na nan, harafi ɗaya bai goge ba. Na tsaya na danna adireshin. Ya buɗe, sai dai ba agogo, wani shafi ne na talla da ke cewa sunan na sayarwa ne.

Na jingina tsani. Matakin nan mai waya ya yi ƙararsa. Fentin ya yi kauri, sai da na zuba kananzir na juya, warin ya taso ya cika mini ido, ko kuma dai na ce warin ne. Na bar sunan mai agogo yadda yake, na ja farin a kan layin ƙasa daga dabiliyu har kom.

Tela ya fito da tef a wuya ya tsaya ƙarƙashina, ya riƙe ƙafar tsanin da hannu ɗaya ba tare da na roƙe shi ba. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Gantali, ya karkace. Kakanka ko shafewa zai yi, sai ya ja zare."

Na sauko na je gida na ɗauko zaren da alli.